Mugun Mafarki Mai Maimaituwa Ga Manya: Dalilinsa, Dabarun Rage Shi Da Maganin Likita

Ya kai mai karatu, wannan bayani naka ne idan dare ya zame maka abin tsoro. Naka ne kuma idan mijinki, ko matarka, ko wani ɗan uwa yana zabura cikin barci yana ihu. Duk inda muka ce "kai", har da "ke" muke nufi. Ka karanta sannu a hankali, kashi bayan kashi, kuma ka karanta wa wanda bai iya karatu ba tukuna.

Abin da ya faru a jihar Diffa

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da garin Diffa. A cikin watan ne aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Bayan harin tsibirin Karamga, a watan Afrilu 2015, hukuma ta ce a fita daga tsibiran tafkin Cadi, dubban mutane suka tako da ƙafa zuwa Gigmi da Bosso. Harin Bosso na 3 ga Yuni 2016 ya kori mutane kimanin 50,000 daga gidajensu. A daren 12 ga Disamba 2020 aka ƙone gidaje masu yawa a Tumur, aka kashe mutum fiye da 25. A 2019 da 2022 kogin Komadugu ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonakin tattasai da na shinkafa.

Mutane da yawa sun zauna a bakin babbar hanya ta 1, a wurare irin su Asaga, Kinjandi da Garin Wanzam, wasu a sansanin Sayam Forage. Wasu sun koma garuruwansu, kamar mutanen Baruwa da suka koma a watan Yuni 2021. To, amma jiki yana iya komawa gida alhali zuciya tana can wurin da abin ya faru. Shi ya sa za ka ga magidanci mai ƙarfi, wanda ke wuni a gona, yana tsoron ya rufe ido da dare.

Mene ne mugun mafarki mai maimaituwa?

Barci yana tafiya ne hawa-hawa. Kowane zagaye na barci yakan ɗauki kamar minti 90, kuma a ƙarshen zagayen ne mafarki ke yawa. Mafarki mafi tsawo yana zuwa a kashin ƙarshe na dare. Dalilin ke nan da mugun mafarki yakan ta da mutum gab da asuba.

Kowa yakan yi mugun mafarki jefi-jefi, wannan ba ciwo ba ne. Ana kiransa ciwo idan waɗannan alamu suka haɗu:

1. Mafarkin yana dawowa sau ɗaya ko fiye a kowane mako.
2. Kana farkawa da faɗuwar gaba da gumi, kana tuna abin da ka gani sarai.
3. Kana jin tsoron komawa barci, ko kana jinkirta kwanciya da gangan.
4. Da rana kana fama da gajiya, da saurin fushi, da mantuwa, har aikinka yana raguwa.

Masana barci sun ƙiyasta cewa kimanin babba 4 cikin 100 yana da wannan matsala. A wurin da aka yi yaƙi adadin yakan fi haka.

Ka bambanta shi da dannau. Mai dannau ya farka, idonsa biyu, amma ya kasa motsi ko magana, yana jin kamar an danne masa ƙirji. Ƙwaƙwalwa ce ta riga jiki farkawa. Yakan wuce cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ba ya kisa. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi.

Ciwon firgita bayan masifa

Idan mutum ya ga mutuwa da idonsa, ko an sace shi, ko an yi masa fyaɗe, ko ya tsira daga gobara ko ambaliya, jikinsa yakan zauna cikin shirin gudu. Ga mafi yawan mutane wannan yana lafawa cikin ƴan makonni. Ga wasu kuwa ba ya lafawa. Idan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, likitoci suna kiransa ciwon firgita bayan masifa. A gidan likita za ka ji sunansa da faransanci, "stress post-traumatique". An sa wannan suna cikin littafin likitocin Amurka a 1980, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam.

Alamunsa manya guda uku ne:

1. Abin yana dawowa kamar yanzu yake faruwa, a mafarki ko ido biyu.
2. Kana guje wa duk abin da zai tuna maka shi: wata hanya, bakin kogi, ko zancen ma kansa.
3. Kullum kana cikin ɗar-ɗar. Ƙarar babur, ko bugun ƙofa, ko ƙaurin hayaƙi ya isa ya zaburar da kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 70 cikin 100 a duniya sukan gamu da wata babbar masifa a rayuwarsu, amma ƙasa da 6 cikin 100 daga cikinsu ne ke kamuwa da wannan ciwo. A 2019 ta bayyana cewa a wuraren yaƙi, mutum 1 cikin 5 yana fama da wani ciwon damuwa ko na ƙwaƙwalwa. Ke nan idan mutum 20 suka taru a ajin yaƙi da jahilci, ba mamaki 4 daga cikinsu suna ɗauke da irin wannan nauyi. Ciwon yana kama jarumi da mai tsoro, malami da almajiri. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa.

Wasu abubuwa da ke kawo mugun mafarki

Kafin ka ce daga yaƙi ne, ka duba waɗannan:

1. Zazzaɓi, musamman zazzaɓin sauro. Idan jiki da zafi, a fara yin gwajin jini.
2. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro bayan la'asar.
3. Giya, tramol da ƙwayoyin sa barci, musamman a kwanakin da mutum ya daina su.
4. Wasu magungunan likita, kamar meflokin na zazzaɓin sauro, efabirenz na ciwon sida, da furofanolol na hawan jini. Kada ka daina maganin da aka rubuta maka da kanka. Ka koma ka faɗa wa wanda ya rubuta shi.
5. Minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi cikin barci.
6. Kallon hotunan kisa a wayar salula kafin kwanciya.

Abin da za ka yi idan ka farka a firgice

Ka tashi zaune, ka kunna tocila. Ka sa tafin ƙafarka a ƙasa ka ji sanyinta. Ka faɗa wa kanka da baki sunan garin da kake, da ranar, da wanda ke kwance kusa da kai. Ka kalli abubuwa biyar da ke ɗakin ka kira sunansu: tabarma, buta, gidan sauro, ƙofa, takalmi. Wannan yana nuna wa ƙwaƙwalwa cewa wancan dare ya wuce.

Daga nan sai numfashi. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4. Ka fitar da ita ta baki a hankali kana ƙirga 1 zuwa 6. Ka maimaita sau 10. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Ka sha ruwa, ka wanke fuska ko ka yi alwala. Idan barci ya ƙi zuwa bayan kamar minti 20, ka tashi ka zauna wuri mai shiru, sai ka ji gyangyaɗi sannan ka koma shimfiɗa.

Gyaran barci

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Wanda ya hana kansa barci don tsoron mafarki, ranar da barci ya rinjaye shi mafarkin yakan zo da ƙarfi fiye da da. Saboda haka:

1. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka riƙe su kullum.
2. Ƙailula kada ta wuce rabin awa.
3. Ka motsa jiki da rana: noma, tafiya, ɗiban ruwa, ko wata sana'a. Zaman banza a rumfa yana ciyar da tunani.
4. Ka bar sauraron labarin hare-hare da dare. Ka saurara da safe.
5. Idan kwana kai kaɗai yana tsorata ka, ka nemi wani ɗan uwa ya kwana kusa.

Dabarar sauya mafarki

Akwai wata dabara da ba ta bukatar ƙwaya ko kuɗi. Wani likita mai suna Barry Krakow da abokan aikinsa sun gwada ta a Amurka ga mata 168 da aka ci wa zarafi, suka buga sakamakon a 2001. Waɗanda suka koyi dabarar, mugun mafarkinsu ya ragu, barcinsu ya gyaru. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa ta a gaba cikin hanyoyin da take ba da shawara a bi.

Asalinta shi ne, mafarkin da ya daɗe yana dawowa yakan zama kamar turbar da shanu suka saba bi zuwa mashaya. Idan an buɗe wata turba, ana bi da su ta nan kullum, tsohuwar sai ta cike da ciyawa. Ga yadda ake yi:

1. Ka yi da rana, a wurin da hankalinka yake kwance.
2. Ka zaɓi mafarki ɗaya. Ka fara da wanda ya fi sauƙi, ka bar mafi muni sai gaba.
3. Ka sauya shi yadda kake so. Misali, idan kana mafarkin kana gudu zuwa bakin Komadugu, ruwa ya cika, babu mafita, sai ka tsara cewa ga mai fito ya iso da kwalekwale. Ka shiga, kun haye lafiya, ka tarar da iyalinka suna shanyar tattasai, an kawo maka ruwan sanyi.
4. Ka cika sabon labarin da abin gani da ji: launin tattasan, ƙarar filafili cikin ruwa, muryar ɗiyarka.
5. Ka rubuta shi a littafinka, da boko ko da ajami. Idan rubutu bai nuna ba tukuna, ka zana shi, ko ka riƙe shi da ka.
6. Kowace rana ka rufe ido minti 10 zuwa 20 kana kallon sabon labarin a zuciyarka. Kada ka maimaita tsohon.

Ka riƙa ƙirga dararen da mafarkin ya zo. Ka ja layi ɗaya a bayan littafi, ko ka jefa tsakuwa ɗaya cikin gwangwani, ka ƙidaya kowace Juma'a. Sau da yawa ana fara ganin sauƙi bayan ƴan makonni. Idan dabarar tana jawo maka tsohon hoton da ƙarfi har ka kasa jurewa, ka dakata, ka nemi ma'aikacin lafiya ku yi tare.

Addu'a da magani

Musulmi ya san ladubban da aka koyar game da mugun mafarki: neman tsari ga Allah, tofi kaɗan ta hagu sau uku, sauya gefen kwanciya, da barin yaɗa mafarkin ga mutane. Ka riƙe su, domin suna kwantar da zuciya. Kirista ma ya riƙe addu'arsa. Addinin da ya koyar da addu'a shi ne kuma ya yi umurni da neman magani.

Wasu sukan ƙi zuwa likita don kada su ba da labarin mafarkinsu. Ka sani ba dole ne ka faɗi abin da ke cikin mafarkin ba. Ya isa ka ce: "Ina farkawa a firgice dare huɗu a mako, tun shekara kaza, kuma ba na iya aiki." Da wannan ma'aikacin lafiya zai iya fara taimakonka. Ka guji duk wanda zai ce sai an ɗaure majinyaci, ko an doke shi, ko an hana shi abinci. Wannan yana ƙara ciwon.

Maganin likita

Maganin da ya fi ƙarfi ga ciwon firgita shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, mako bayan mako, sau da yawa zama 8 zuwa 12. A nan ake koya wa mutum fuskantar abin da ya wuce kaɗan-kaɗan, har ya daina razana shi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta sa wannan a gaba. Ta ce a koma ga ƙwaya idan tattaunawa ba ta samu ba, ko ba ta wadatar ba, ko kuma mutum yana da baƙin ciki mai tsanani tare da ciwon.

Magungunan rage damuwa. Daga cikinsu akwai fuluwoksetin, sertralin, faroksetin da amitiriftilin. Ga abin da ya kamata ka sani:

1. Ba sa aiki ranar farko. Sai bayan mako 4 zuwa 6 ake ganin amfaninsu sosai.
2. A kwanakin farko suna iya kawo tashin zuciya, ciwon kai, ko ma ƙarin mafarki. Yawanci wannan yana wucewa. Wasu suna rage sha'awar iyali. Ka faɗa wa likita, kada ka ji kunya.
3. Amitiriftilin yana sa barci da bushewar baki, da dare ake shansa. Bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma shansa fiye da ƙa'ida yana kisa. A ɓoye shi inda yaro ba zai kai ba.
4. Bayan ka ji sauƙi, ana ci gaba da sha watanni da yawa, sau da yawa har kusan shekara guda.
5. Ba a daina su rana ɗaya. Likita ne ke rage su sannu-sannu.
6. Haɗa su da tramol yana da haɗari, yana iya kawo jijjiga.

Farazosin. Asalinsa maganin hawan jini ne. Wani likita a Amurka, Murray Raskind, ya lura yana rage mugun mafarkin tsofaffin sojoji, ya buga gwajinsa a 2003. Amma babban gwaji na 2018, da aka yi ga tsofaffin sojoji 304, bai nuna ya fi ƙwayar da babu magani cikinta ba. Abin da aka fahimta shi ne yana taimakon wasu, ba ya taimakon wasu. Yana saukar da jini, musamman shan farko, har mutum ya ga jiri ko ya faɗi idan ya miƙe da sauri. Likita kaɗai ke rubuta shi, bayan ya auna jininka.

Kafin a rubuta maka kowane magani, ka faɗi duk abin da kake sha, har da na gargajiya. Mace ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa. Mai farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko na hanta, ya faɗa. Idan azumi ya matso, ka tambayi likita yadda za a mai da lokacin shan maganin zuwa sahur ko bayan buɗa baki.

Ƙwayoyin da za ka guje wa

Diyazefam, wanda aka sani da Valium ko D5, yana sa barci daren farko, shi ya sa mutane ke ruɗuwa da shi. Jiki yana sabawa da shi cikin ƴan makonni, sai mutum ya riƙa ƙara yawansa. Ranar da ya rasa shi, rashin barci da mugun mafarki su dawo fiye da da. Jagorar 2013 ta ce kada a ba da irinsa don firgita ko rashin barci a watan farko bayan masifa. Tramol, giya da wiwi su ma haka suke: sauƙin dare ɗaya, wahalar shekaru. Idan ka riga ka saba da diyazefam, tramol ko giya, kada ka yanke lokaci guda, domin hakan yana iya kawo jijjiga. Ka je a rage maka a hankali.

Maganin da ake sayarwa a tire ko a teburin kasuwa ya sha rana, wani jabu ne, wani kuma ƙarfinsa ya wuce abin da aka rubuta a kwalinsa. Ka sayi magani a famasi, da takardar likita.

Ina za ka je?

Ka fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI na garinku. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin gunduma, kamar na Maine Soroa ko na Gigmi, ko babban asibitin jiha da ke Diffa. Mata masu ciki da masu goyo suna iya faɗin damuwarsu a wurin awo, ko a cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Diffa. Sashen ƙwararru da aka fi sani, Pavillon E na babban asibitin ƙasa, yana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa bukatar zuwa can. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri mai suna mhGAP, domin a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane waɗannan cututtuka su yi maganinsu.

A shekarun da suka biyo bayan 2015, ƙungiyoyi irin su MSF da COOPI sun yi aikin sauraro da ba da shawara a jihar. Ƙungiyoyi suna zuwa suna tafiya, don haka ka tambayi ma'aikacin CSI wanda ke wannan aiki kusa da ku a yanzu. Idan barbarci, ko fulatanci, ko tubanci ka fi ji, ka nemi mai fassara wanda ka yarda da shi. Sirrinka amana ne a wuyan ma'aikacin lafiya.

Ga iyali

Idan mai gida ko uwar ɗaki ta zabura cikin barci, kada ku cafke ta, kada ku watsa mata ruwa. Ku tsaya ɗan nesa, ku kira sunanta a hankali, ku ce: "Kina gida, muna nan, lafiya lau." Ku kawar da wuƙa, adda da sanda daga wurin kwanciya. Kada ku matsa wa mutum sai ya ba da labari, kada kuma ku yi masa dariya ko ku kai zancensa majalisa. Ku raka shi gidan likita, ku riƙa tuna masa lokacin shan magani.

Alamun da ba sa jira

Ku tafi gidan likita a ranar, idan mutum:

1. Yana zancen kashe kansa, ko yana cewa mutuwa ta fi masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari, igiya da ƙwayoyi daga kusa da shi.
2. Yana neman cutar da wani.
3. Yana jin muryoyi ko ganin abin da babu, alhali idonsa biyu.
4. Ya yi jijjiga, ko ya ciji harshensa cikin barci.
5. Ya ƙi ci da sha, ko ya kwana uku bai runtsa ba.
6. Hankalinsa ya rikice tare da zazzaɓi mai zafi.

Ya kai mai karatu, tun daren yau ka ajiye tocila da ruwa kusa da kai, ka fara ƙirga dararenka. Gobe da rana ka tsara sabon labarin mafarkinka. Idan wata guda ya cika tsakuwar gwangwani ba ta ragu ba, ka ɗauki ƙirgarka ka kai wa ma'aikacin lafiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu kwana cikin aminci.